Sakan Arba'in na Alasan

Ni da Alasan tagwaye ne. Shi ya riga ni fitowa, kuma tun daga ranar bai bar ni na riga shi a komai ba. Shi ya fara haƙori, shi ya fara aure, shi ya fara taɓa jita. Shekara goma sha huɗu muka yi muna kiɗan biki a Zangon Sokode, shi yana riƙe da gindin kiɗa, ni ina hawa a kai ina yi masa ado. Ni ake yi wa liƙi, don ni ne mai yawan rawar kai a gaban jama'a, amma duk wanda ya san kiɗa ya san hannun Alasan ne yake tayar da mata daga kan kujera.

Sai samari masu kwamfuta da manyan lasifika suka cika gari, kiran biki ya ragu. Ni ina da shagon askina a bakin tasha. Alasan makanike ne, kuma Salifu, wan matarsa, ya daɗe yana kiransa garejinsa na Dapaong, inda manyan motocin da ke zuwa Sinkase suke tsayawa gyara. Ranar da ya faɗa mini ya amsa kiran, na gaya masa maganganun da har yau ba na son tunawa. Ni haka nake, bakina yana riga hankalina.

Ana gobe zai tafi, ya shigo shagona da hantsi, jita a baya, a hannunsa wani ɗan akwatin ƙarfe kamar sabulun wanki. Ya ce sunansa lupa, wani direba ya kawo masa daga Lome. Aikinsa ɗaya ne: ka kaɗa abu, ya riƙe, ya yi ta maimaitawa, kai kuma ka hau a kai da wani kiɗan. Ya jona shi tsakanin jita da lasifika, ya taka maɓallin da ke kansa, ya kaɗa gindin kiɗan da muke fito da amarya da shi, sakan arba'in, ya sake takawa. Ya ɗage hannunsa daga tsirkiya, kiɗan bai tsaya ba.

"Ga ni nan a ciki," in ji shi. "Ka riƙa kiɗa da ni."

Na ce ya kwashi tsiyarsa ya ba ni wuri, ina da kan mutum a hannu. Ya bar akwatin a kan benci ya fita.

Shekara uku na yi ina kiɗa da sakan arba'in ɗin nan. Na san kowane lungu nasa. Akwai wurin da farcensa ya goga tsirkiya ta uku, akwai wurin da ya ɗan ja baya kamar zai makara, sai ya faɗo daidai. Idan na rufe ido a wurin biki, yana tsaye a hagu da ni kamar kullum. Ko babu biki, in shago ya yi shiru da rana tsaka, nakan kunna shi in zauna. Ina kewar ɗan'uwana, kewa mai tsanani, kuma ban taɓa faɗa masa ba. Muna waya, ana lafiya, yaya yara, yaya zafi. Da na kawo maganar jita sai ya ce mota ta shigo gareji.

Matsalar lupa ita ce ɗakin ajiyar kiɗa ɗaya gare shi, maɓalli kuma ɗaya. Taki ɗaya, ya tashi. Taki biyu da sauri, ya tsaya. Idan ka ɗora ƙafa ka riƙe sakan biyu, ya goge duk abin da ke ciki. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa tsayuwa a filin biki da silifa a ƙafa, mata suna turereniya a bayansa ba. Ga shi maɓallin ya tsufa, ya fara maƙalewa. A wani suna a unguwar Koma, na zo tsayar da kiɗa, taki na biyu ya liƙe a ƙasa. Na durƙusa na ɓanɓaro shi da farce a gaban mutane. Kiɗan ya tsira, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na kai wa Abdulwahid mai gyaran rediyo, wani Bakotokoli da ke layin bayan masallaci. Ya juya akwatin, ya nuna mini wani ƙaramin rami a gefe.

"Nan, ana sa wani pedal daban. Ka taka shi sau guda, kiɗa ya tsaya, babu sau biyu. A Sokode babu shi, amma waya biyu ne kawai da buton. Ka bar akwati nan, gobe ka zo ka ɗauka."

In bar Alasan ya kwana a shagon da ake zuba rediyon mutane a kwali? Na ce a'a, ya ba ni waya da kan da ake cusawa a ramin, ya ara mini ƙarfen narka dalma, ni zan haɗa da kaina. Ya ɗaga kafaɗa, ya ƙara mini da buton ɗin, wani ɗan maɓallin roba ja. Na karɓa don kada ya ji haushi, amma a raina na raina shi. Ƙafata lamba arba'in da biyar ce, abin nan ko sati ba zai yi ba.

Na riga na san makunnin da nake so. A bayan gidanmu na gado akwai gawar motar Baba, tsohuwar babbar mota da ya yi shekara talatin yana ja tsakanin Lome da Wagadugu. Yanzu kaji ke ƙwai a cikinta. Irin waɗannan motocin, makunnin fitilarsu a ƙasa yake, kusa da ƙafar hagu ta direba, ƙarfe ne zalla mai kai kamar murfin kwalba. Muna yara Baba yakan ɗora mu a cinya, ya bar mu mu taka bi da bi: ƙas, dogon haske, ƙas, gajere. Na ce abin da aka yi don ƙafar direba, ya sha laka da ƙura shekara talatin bai mutu ba, shi ya dace ya tsare mini ɗan'uwana.

Yini guda na yi a ƙarƙashin sitiyari ina fama da ƙusoshi masu tsatsa, kaza tana harara ta. Na wanke shi da kananzir har ya dawo yana ƙas ɗinsa tsaf. Na samo guntun katako wurin kafinta, na fafe cikinsa, na zaunar da makunnin a tsakiya, na manna robar tsohuwar taya a ƙasa don kada ya zame. Dalmar ce ta ba ni wuya. Sau huɗu tana dunƙulewa tana faɗuwa, na ƙone babban yatsa, na zagi Abdulwahid da ƙarfensa alhali babu ruwansu. A na biyar ta kama, ta yi sheƙi.

Ban yi gaggawa ba, wannan kam a shaide ni. Kafin in kai shi kusa da lupa, na gwada shi da batir da ƙwan tocila. Na taka, ƙas, ƙwan ya kama. Na ɗage ƙafa, yana nan a kunne, ko ƙiftawa ba ya yi. Daɗi ya kama ni, na ƙwala wa matata Safiyatu kira ta zo ta gani.

"Kin gani? Ko na ɗage ƙafa ba ya saki. Aikin da, ba irin robar yanzu ba."

"To, sannu injiniya," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Asabar ɗin akwai bikin Khairiya, 'yar maƙwabcinmu, wadda uwarta ta zo har gida ta ce da kiɗan tagwaye take so a fito da 'yarta, kamar yadda aka fito da babbar 'yarta. Na shimfiɗa kaya a tsakar gida, na cusa wayar a ramin, na tayar da Alasan. Na bar shi ya zaga sau biyu. Sannan na taka sabon makunni. Ƙas. Kiɗa ya tsaya cak, taki ɗaya. Har na buɗe baki zan sake kiran Safiyatu, sai na ga 'yar fitilar lupa tana ƙiftawa da sauri, sannan ta mutu.

Na taka maɓallin sama. Shiru. Na zare waya, na cire batir na mayar, na girgiza akwatin kamar wanda zai ji wani abu yana motsi a ciki. Na ɗauke shi da makunnin a guje, ba takalmi, har shagon Abdulwahid. Ya danna makunnina da tafin hannu sau biyu, ya dube ni da tausayi.

"Kai, Huseini. Wannan na fitila ne, shi yana riƙe. Ka taka, ya zauna a rufe har ka sake taka. Akwati ya ɗauka ƙafanka yana kai, ba ka ɗaga ba. Sakan biyu ya cika, ya goge. Wanda na ba ka, irin na oda ne, ka saki ya saki."

"Ba za a iya dawo da shi ba?"

"Ya tafi."

Abin da ƙwan tocila ya nuna mini ƙiri-ƙiri ke nan, ni kuma na tsaya ina tafa wa kaina. A shekara uku ko sau ɗaya ban yi tunanin ɗaukar kiɗan a waya ba, don ban taɓa kallon sa a matsayin abin da aka ɗauka ba. A wurina Alasan ne. Na zauna a dakalin Abdulwahid na yi kuka, ƙato da ni da furfura a gemu, masu wucewa suna tambaya wa ya rasu.

Ban kira shi ba, na san mota za ta shigo gareji. Da asuba Safiyatu ta ƙulle mini wagashi, cukun nonon shanu, a leda ta ce in kai wa Hamida, matar Alasan. Na saɓa jita, na sa lupa da makunnin a jaka, na shiga motar farko. Muka ratsa dutsen Alejo, muka wuce Kara da Kante, muka ƙetare kogi a Mango. Duk hanya ina shirya yadda zan yi maganar ba tare da na roƙe shi ba. Sakan arba'in ne kawai, ya kaɗa mini in juyo.

A gareji Salifu ya gan ni ya yi turus, ya ce Alasan yana gida, yanzu da rana ba ya cika zama. Na same shi a gindin darbejiya a tsakar gida, ya rame kaɗan, yana sanye da riga mai dogon hannu cikin wannan zafi na Dapaong. Ya miƙe ya rungume ni da hannu ɗaya. Hamida ta kawo ruwa, ta karɓi wagashi, ta yi ta godiya ba ta kalli idona ba.

Na zazzage jakar a gabansa na faɗa masa komai. Da ya ga makunnin ya gane shi nan take.

"Na motar Baba! Kai, Huseini! Ka sa makunnin fitila a lupa?" Ya yi dariya har da tari. "Ko kazar da ke kwana a motar ta san wannan riƙewa yake."

Na bar shi ya gama. Na zare jita daga rigarta na miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Ka kaɗa da kanka. Ka san shi."

"Na san shi, amma ba hannuna ba ne. Asabar bikin Khairiya. Sakan arba'in, Alasan."

"Na bar kiɗa."

Nan raina ya ɓaci. Na ce na yini a mota ba don in ji wa'azi ba. Na ce ya tafi ya bar ni da akwati kamar wanda aka bar wa maraya abin wasa, yanzu kuma ya yi girman da ba zai taɓa tsirkiya ba. Ina cikin faɗa ya zaro hannun hagunsa daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Manuniya da ta tsakiya babu su, an ɗinke wurin ya warke ya yi sumul. Yatsun da yake danna tsirkiya da su ke nan.

"Fankar inji," ya ce. "Direba ya tayar da mota bai san hannuna yana ciki ba. Wata takwas yanzu. Kwana tara na yi kwance a lopital, a hannun likitoci."

"Wata takwas? Muna waya duk Juma'a!"

"Ni na hana Hamida. Na hana Salifu."

"Don me?"

"Don na san kana can kana kiɗa da ni. Na ce a bar ka. A Sokode dai ina da yatsu biyar."

Ban san lokacin da na kama hannun ba. Na riƙe shi da hannu biyu, ina jin inda ƙashin ya tsaya a ƙarƙashin fata. Haushi da tausayi suka cakuɗe mini, na rasa wanda zan fara da shi.

Shi ya fara motsawa. Ya ce bon, to, tun da na zo, a gyara wannan shirmen. Ya aika aka karɓo masa maɓallin odar babbar mota daga gareji, na ƙarfe, mai faɗi kamar bakin kofi. Ya cire na Baba daga katakon, ya sa a aljihunsa bai tambaye ni ba. Ni na riƙe wayoyi, shi ya narka dalma da hannun dama, ɗigo biyu, ko minti ɗaya bai yi ba. Ya sa na gwada da ƙwan tocila. Na taka ya kama, na ɗage ya mutu.

Washegari da safe na zauna a benci, na jona kaya a rediyon Hamida mai lasifika, na fara kaɗa gindin da kaina. Yana tsaye a kaina yana shan koko.

"Ba haka ba."

Na sake.

"Kana gudu. Amarya ce za ta fito, ba ɓarawo ba."

Na sake. Ya ajiye kofin, ya sunkuyo ta kafaɗata, ya ture hannun damana, ya kaɗa tsirkiya da nasa, hannuna na hagu yana nan a wuyan jita inda yake. Abin da ya fito ya sa tsigar jikina ta tashi. Shi ne. Har wannan ɗan jan bayan.

Muka dubi juna. Hamida tana bakin madafa da ludayi a hannu, ta ce, "Wata tara kuka zauna a ciki ɗaya, benci ne zai gagare ku? Ku matsa mana."

Ya zauna ya ɗora jitar a cinyarsa. Na matso ta hagunsa har haƙarƙarinmu ya haɗu, na zagaya hannun dama ta bayan wuyansa, na kama wuyan jita da hagu. Shi yana kaɗawa, ni ina dannawa. Ba sauƙi. Shekara goma sha huɗu ina jin kiɗan nan ta kunne, ban taɓa sanin inda yatsunsa suke zuwa ba. Sai ya riƙa ce mini, sama, koma, riƙe nan, yana buga mini gwiwa da dungulmin hannunsa idan lokacin canji ya yi. Muka ɓata, ya riƙe sabon maɓalli ya goge, muka sake. Ya zage ni, na rama. A karo na goma sha ɗaya ya taka, muka bi ta ciki har ƙarshe babu wanda ya yi numfashi, ya sake takawa. Kiɗan ya zagayo da kansa. Muka zauna a haka, hannuna a wuyansa, muka bar shi ya zaga ban san sau nawa ba. Sai da Hamida ta ce motar rana za ta tafi ta bar ni.

Ranar Asabar aka fito da Khairiya da kiɗan tagwaye. Uwarta ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Sabon makunni bai ba ni kunya ba, taki ɗaya kiɗa ya tsaya. Kowa ya ce Alasan yana nan yadda yake, na ce ƙwarai.

Lahadi da hantsi na buɗe shago, babu kowa. Na kunna lupa na zauna kamar yadda na saba. Kiɗan ya yi kyau, ya ma fi na da tsabta. Amma da, in na rufe ido, ina ganin sa tsaye a gefena, kuma hakan yana isa ta. Yanzu na rufe ido sai na ji babu zafin kafaɗarsa a jikina, babu mai buga mini gwiwa. Akwatin yana ta zagayawa, ni kuma ina ƙara jin nisan Dapaong. Na saurare shi sau uku. Sannan na ɗora ƙafa a kan maɓallin odar, na danna, na ƙi ɗagawa. Na ƙirga ɗaya, biyu. Fitilar ta yi ƙifce-ƙifcenta ta mutu.

Na ɗauki waya na kira shi.

"Alasan, ya sake gogewa."

Ina jin ƙarar guduma a gareji ta bayansa.

"Huseini, maɓallin nan ba ya riƙewa. Ni na haɗa shi."

"Na sani."

Sai ya ce:

"Motar farko ƙarfe shida take tashi. Ka zo da sababbin tsirkiyoyi, waɗannan naka sun mutu."